Har Sai Ya Yi Kuka

Warinsa ne ya riga shi shigowa gida. Ina zaune ina tankaɗen gari sai na ji wani abu ya bugi hancina, kamar ruɓaɓɓen ƙwai da aka fasa a cikin kananzir. Har na tashi na leƙa akurki, ko wata kazar ce ta mutu ban sani ba. Ashe ba kaza ba ce. Ƙanena Ɗanbala ne ya dawo daga Birnin Kudu da abin da ya shafe damina guda yana cika mana kunne da labarinsa.

Na yafa zane na fita ƙofar gida, na tarar rabin mazan garinmu Maruta sun yi da'ira. A tsakiyarsu ga wani dogon baƙin ƙarfe kwance a ƙasa, da taya a kowane gefe, tsakiyarsa kuma ya yi ƙaton tumbi kamar akuyar da ta ci ɗanyen rogo. Baƙin mai yana tsiyaya daga tumbin, ƙasa tana sha. Daga nan warin yake fitowa, amma yadda mazan nan suka duƙa suna shafa shi, sai ka rantse turare ake ƙonawa.

"Adda, zo ki gani da idonki," in ji Ɗanbala, bakinsa har kunne. "Bakasil ke nan!"

Na ce, "Ba ka san wa ba?"

Aka fashe da dariya. Wani gajeren mutum ya matso, sanye da rigar da ba wanda zai iya faɗin asalin launinta saboda mai. Shi ne Barau, bakaniken da Ɗanbala ya ɗauko daga bakin tashar Birnin Kudu don ya ɗaura ƙarfen a jikin amalankenmu na shanu.

"Bakasil, Inna," ya ce, yana magana a hankali kamar mai koya wa kurma karatu. "Ƙarfen da ƙafafun baya na mota suke juyawa a jikinsa. Wannan na wata akori-kura ce da ta ƙwace a hanyar Kano. Gaban ya lotse kamar gwangwani, amma bayan nan ko ƙwarzane bai yi ba."

"Mutanen da ke cikinta fa?"

"Sai dai addu'a," ya ce, ya tofa yawu a jikin tayar ya goge da gwiwar hannu don ta yi sheƙi.

Tun daga nan na ƙi jinin ƙarfen nan.

Kada wani ya ce me ya kai mace maganar amalanke. Rabin abin da ke jan amalanken nan nawa ne. Babanmu, Malam Buba, ya yi shanu a zamaninsa, amma shekarar farin nan ta share garken, muna ji muna gani, har ungulu suka ƙoshi suka daina sauka. Maraƙa biyu ne suka tsira. Baƙin, Duna, ya zama na Ɗanbala. Ja-jan, Bage, nawa ne, domin uwarsa Baba ya ba ni ranar da aka kai ni ɗakin miji. Ta mutu ta bar shi ko ciyawa bai iya ci ba. A lokacin mijina ya rasu, na dawo gida ba ɗa ba jika, sai na zauna na raine shi da kunu a ƙwaryar da nake sha. Ya girma ya zama sa har sa, shi yake yi mini huɗa, shi yake kawo mini amfanin gona gida. In na kira shi daga nesa yakan ɗaga kai ya amsa. A gidan nan kaf shi kaɗai ne nake kira ya amsa tun a kiran farko.

Amalanken kuwa Baba ne ya bar mana, na tsohon yayi. Ƙafafunsa ƙarfe ne zalla, babu roba, suna juyawa a kan sanda guda da ke zaune cikin katakon ƙirya. In yana tafiya yakan yi 'yar guna-guni, ƙiƙi-ƙiƙi, tun daga tsamiyar bakin gari ake jin sa. Da na ji sai in tashi in dama wa Bage dusa da kanwa, kafin su iso ta jiƙu. Amma in kaya suka yi masa yawa, duk man kaɗanyar da za a shafa masa, sai ya saki wata doguwar ƙara siririya mai shiga haƙori. Ita muke kira kuka.

Da kukan nan Baba yake awo. Bai taɓa ƙirga buhu ba. Ana lodi yana jijjiga amalanken gaba da baya da kafaɗa, kunnensa a wajen ƙafa. Da zarar ya ji kuka sai ya ce, "Ya isa, a sauke ɗaya a ɗaure." Duk garin a wurinsa suka koya. Ko yau ka tambayi mutumin Maruta buhu nawa amalanke yake ɗauka, zai ce maka ana lodawa ne har sai ya yi kuka.

To, sai ga shekarun da kuɗin man fetur suka yi ambaliya a birni, 'yan feshin suka iso har ƙauye. Kowa ya raina abin da ya gada. Mai jaki yana son keke, mai keke yana son babur, Ɗanbala kuma ya je kasuwar Birnin Kudu ya ga amalanke mai tayar roba ya dawo ba shi da sauran sukuni. Wai kunya yake ji in ya shiga Gwaram ana jin ƙararsa tun daga nesa, yara suna kwaikwayonsa. Mutum da gemunsa, kunyar ƙarar ƙarfe ta hana shi barci.

Barau ya wuni a ƙofar gidanmu yana bugu da ɗauri. Ya kwance tsofaffin ƙafafun ya wurgar a bayan danga kamar ya jefar da mushen kare. Duk inda ya dafa sai ya bar baƙin tambari, jikin zana, jikin turmi, har bakin randa. Da rana ta take na fito na same shi yana wanke hannu a ƙwaryar dusar Bage, ruwan ya yi baƙi ƙirin, mai yana yawo a sama.

Na ce, "Malam, wannan ta cin abincin sa ce."

"Ai sa ba ya ƙyama, Inna," ya ce.

"Shi ba ya yi. Ni ina yi."

Na kwashe ƙwaryata na wanke da toka har hannuna ya yi zafi, warin bai fita ba. Dole na sake wata.

Da la'asar aka gama. Barau ya tara mutane ya yi musu wa'azi a kan boris, wato wasu 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke cikin ƙafar, su ne wai ba sa barin komai ya goga da komai. Ya ce wannan ƙarfen an yi shi ne don ya ɗauki abin da ya fi ƙarfin shanu goma. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa mu biyu gare mu. Ɗanbala ya sa hannu ɗaya ya ɗan tura amalanken, sai ga shi ya zarce shi kaɗai, shiru kamar maciji, ya ratsa fili har sai da ya daki gindin rumbuna ya zubo da laka. Maza suka ɗau shewa da tafi. Ni na tsaya ina kallon ramin da ya yi mini a rumbu, ba wanda ya ko ce sannu.

Tsofaffin ƙafafun ba su kwana biyu ba Ɗanbala ya kai wa maƙeri, aka sare su aka yi fartanya. Ya tabbatar dai babu hanyar komawa.

Abin da na fara rasawa shi ne lokaci. Da, kunnena ne yake gaya mini Bage ya kusa gida. Yanzu sai dai in juya in gan su tsaye a ƙofa kamar aljanu, dusa ko jiƙawa ban yi ba. Wata rana in dama da wuri ta yi tsami, wata rana ya tsaya yana kallona da yunwa ina kiciniyar damawa. Ƙaramin abu ne, na sani, amma kullum sai ya ɓata mini rai.

Sai kuma wuyansa. Inda karkiya take zama gashin ya fara zubewa, fatar ta yi sulɓi, daga baya ta tsage. Ina shafa man kaɗanya da garin gawayi da yamma, washegari a dawo mini da shi ta sake buɗewa, ƙudaje sun yi layi a bakin ciwon kamar masu jiran rabon zakka. Ran nan na matsa gefen sai ruwa mai wari ya fito. Na bar abin da nake yi na je na sami Ɗanbala a zaure, ya cire hula yana ba tayar iska da famfon keke, gumi yana zuba.

"Ɗanbala, kaya suna yi wa shanun nan yawa."

"Haba Adda. Wallahi tun da aka sa bakasil ɗin nan ko sau ɗaya bai yi kuka ba."

"Zo ka ga wuyan Bage."

"Karkiyar ce ta tsufa, zan naɗa mata tsumma." Bai ko ɗago ba. "Ke dai ba kya son ci gaba. Da can a wuni ana sawu uku ana abu ɗaya, yanzu sawu ɗaya na kwashe. Hutu ma na samar musu."

Na yi tsaki na fita. Ba wai ban da amsa ba ne. Na lura ne cewa in yana maganar ƙarfen nan idonsa yakan yi wani irin laushi da ban taɓa ganin ya yi wa matarsa ba, balle sa.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Gwaram ce, bayan an gama sussukar dawa. Da hantsi na ji hayaniya a masussuka, bayan gidanmu. Na je na tarar an ɗaura wa shanu karkiya, an fara lodi. Ba dawar Ɗanbala kaɗai ba ce. Labari ya bazu cewa amalankensa ba ya ƙoshi, don haka duk mai buhun da yake son kaiwa kasuwa ya jawo nasa. Har da maƙwabcinmu Malam Salihu, dattijon da ya yi zamani da Baba, mutumin da nake ganin girmansa.

Abin da na gani a wurin, da ba shanuna ne a ciki ba, da na yi dariya har na faɗi. Sai a ɗora buhu. Sai Ɗanbala ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi shiru!" Kowa ya yi tsit. Sai ya sa kafaɗa ya jijjiga amalanken yadda Baba yake yi, Malam Salihu kuma ya duƙa ya kara kunne a jikin taya, ya rufe ido, kamar mai sauraron gaibu. Shiru. Sai ya miƙe ya girgiza kai ya ce, "Da saura." Sai a ce, "Ƙaro!" Manyan mutane masu iyali, sun kewaye ƙarfen da aka yi shi musamman don kada ya yi ƙara, suna jiran ya yi ƙara.

Kaya suka wuce bakin katako, suka wuce tsayin mutum. Aka kawo igiya aka ɗaure aka ci gaba da ɗorawa a kai. Ina kallon sandar da ta haɗa amalanken da karkiya tana danna wuyan shanun ƙasa. Duna ya buɗe ƙafafu. Bage ya sunkuyar da kai, jijiyoyin wuyansa suka fito, tsumman da aka naɗa a karkiya ya jiƙe da jini.

Aka sake ɗora wani. "Ku yi shiru!"

A cikin shirun nan sai aka ji wani dogon nishi mai kauri, daga can ƙasan ciki. Kowa ya ji shi. Malam Salihu ya ɗago da sauri.

"Ya yi?" wani ya tambaya.

Ɗanbala ya saurara, ya sake jijjigawa, sannan ya yi murmushi. "A'a, ba shi ba ne. Sa ne. Ƙaro!"

Ban san lokacin da na ratsa su na kama igiyar hancin Bage ba. Na ce a kwance mini sana yanzun nan. Na ce wanda yake son kai dawarsa Gwaram ya ɗora a kansa. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba, har da na uwar bakasil da uban wanda ya ƙera shi.

Ɗanbala ya sha mur. "Adda, kada ki kunyata ni a gaban mutane. Na riga na yi musu alkawari."

"Da bakinka ka yi, ba da wuyan Bage ba."

Sai Malam Salihu ya matso, ya sassauta murya, irin ta dattijon da ya saba raba faɗa. "Zahara'u, ki yi haƙuri. Ai ba mu saɓa ba. Ƙa'idar mahaifinku muke bi sau da ƙafa. Shi ya ce a loda har sai ya yi kuka, ga mu nan muna saurare, Allah ne shaida bai yi ba. In da zalunci a ciki, ai da ya faɗa."

Wannan maganar ce ta kashe mini baki. Ba don ta yi daidai ba. Don na ga da gaske yake, har cikin zuciyarsa, kuma duk wanda ke wurin ya gyaɗa kai. Sun ɗauko Baba daga kabari sun tsayar da shi a bayansu, ni kuma na zama mai jayayya da mamaci. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da na sani tun ina yarinya.

Buhunan ne suka ƙare, ba haƙurinsu ba. Da aka rasa abin ɗorawa aka ɗaure. Ɗanbala ya zare igiyar daga hannuna a hankali, ya haye can ƙololuwar kayan ya zauna ya gyara hula. Ya ɗaga tsumagiya. Abin haushi, amalanken ya tashi salin-alin, domin a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tayar nan ba ta gardama. Masu buhu suka bi shi a baya suna ta yaba wa Barau. Bage ya waiwayo sau ɗaya iyakar yadda karkiya ta bar shi, suka sha kwana.

Na koma gida na rasa abin yi. Na share ɗaki, na share turken Bage, na sake share ɗakin. Tunda ba ƙarar da za ta gaya mini sun taho, sai na yi ta kallon inuwar danga ina kintace. Rana ta ɗan karkata na ce bari in dama dusar tun yanzu, yau ya sha wuya, in ƙara masa kanwa da ɗan gishiri. Na haɗa man kaɗanya da gawayi na ajiye a gefe. Ina durƙushe ina juya dusar da hannu, bayana yana wajen ƙofa, sai warin man nan ya bugi hancina.

Na juya. Amalanken yana tsaye a ƙofar gida, ban ji zuwansa ba. Babu buhu ko ɗaya a kai, babu shanu a gaba. Maza biyu ne suka riƙo sandar, su ma ba wani ƙarfi suke sawa ba. Can baya wani yana jaye da Duna, yana ɗingishi. A kan katakon an shimfiɗa ganyen marke, an lulluɓe wani tuli da jar fata, ƙudaje sun yi mata baƙi. Jini yana bin tsagin katako yana ɗiga a kan tumbin bakasil, yana haɗuwa da baƙin mai, su gangara ƙasa tare. Daga ƙarƙashin fatar ƙaho ɗaya ya leƙo, mai ɗan lanƙwasa a tsini. Na san ƙahon, ni nake shafa masa mai.

Malam Salihu ne ya yi magana. Ya cire hula ya riƙe a hannu, bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce lafiya lau suka tafi har gangaren da ake sauka rafi kafin a haura Gwaram. Ya ce tsohon amalanke ko a gangaren nan sai an ja shi, don ƙafarsa tana cijewa, shi ya sa ba wanda ya taɓa tunanin wurin abin tsoro ne. Wannan kuwa da ya ga gangare sai ya taho da gudunsa, da dukan abin da ke kansa, ya fi shanun sauri. Duna ya fizge gefe, itacen karkiyarsa ya karye, ya tsira. Bage ya tsaya ya toƙare. Ya ce sai da ya toƙare har ƙafafunsa suka yi rami a ƙasa, sannan gwiwarsa ta sare, kayan suka hau bayansa. Ƙugun ne ya karye. Allah ya kawo wani mahauci da zai shiga kasuwa, aka samu aka yanka kafin ya zama mushe.

"Shi ne muka ce naki ne," in ji shi, "ba za mu taɓa ko tsoka ɗaya ba sai an kawo miki. In kin yarda a yi watanda, a kasa naman kashi-kashi, kowa zai sayi nasa, ba za ki yi asara duka ba."

Sannu da ƙoƙari. Sun kashe shi, sun feɗe shi, sun kawo mini shi har gida a kan abin da ya kashe shi, yanzu kuma suna so in ba su izinin ci.

Sai a lokacin na ga Ɗanbala. Yana tsugune a gefen taya, gwiwar hannunsa ta ɗaye, rigarsa ta yage, fuskarsa duk ƙasa. Ya tsufa a wuni ɗaya. Na ga idonsa ya yi ja, sai wani abu ya ɗan motsa a raina, na ce ko ba komai ɗan'uwana ne, tare muka ga mutuwar garken Baba, ya san abin da aka rasa. Har yanzu dusa tana hannuna, tana ɗiga daga yatsuna. Abu ɗaya kawai nake son sani, ko ya daɗe yana shan azaba, ko ya kira ni.

Na ce, "Ɗanbala, ya yi kuka?"

Sai na ga fuskarsa ta ɗan saki, kamar wanda aka miƙo wa ruwa. Ya miƙe, ya dafa tayar.

"Wallahi Adda ko ƙis bai yi ba," ya ce. "Da kayan da komai ya kife, muka tashe shi, ko noti ɗaya bai kwance ba. Ki duba ki gani."

Na dube shi. Ya ci gaba da kallona yana jiran in duba notin.

Malam Salihu ne ya sunkuyar da kai har gemunsa ya taɓa ƙirji. Ya ce, a hankali, "Ya yi, Zahara'u. Tun daga saman gangaren yake yi. Har aka sa masa wuƙa yana yi."

Na ɗauki ƙwaryar dusa na ratsa ta tsakaninsu, na wuce amalanken ban kalle shi ba, na karɓi igiyar Duna daga hannun mai riƙe da shi. Jikinsa yana ta rawa, wuyansa shi ma ya tsage har ana ganin farin nama. Na ja shi zuwa sashena na ɗaure a turken Bage, na ajiye masa dusar, na jawo man kaɗanyar da na haɗa.

Ɗanbala ya biyo ni har bakin danga. "Adda, wannan ai nawa ne. Gobe da me zan kwaso buhunan mutane a bakin rafi?"

Na ce, "Ga karkiya can, wuya biyu take ci. Ka sa naka, ka aika Birnin Kudu a kira Barau ya sa nasa. In kun yi kuka a sauke ɗaya."

Na juya na ci gaba da korar ƙudaje daga wuyan Duna.